Ga mai shirin zuwa Busua

'Yan uwa, in za ku Busua, ƙauyen bakin teku da ke yamma da Takoradi a Ghana, ku kauce wa Mayu da Yuni, ruwan sama ba ya sassautawa. Disamba zuwa Maris ya fi, sai dai zafi da gumi. Daga Takoradi ku hau trotro, wato ƙaramar bas ta haya, zuwa Agona Nkwanta, sannan tasi.

Da sassafe ku fito yashi lokacin da masunta ke jan koma, kifin danye shar, a gasa muku nan take. Ku taka zuwa Dixcove, garin da ke maƙwabtaka da Busua, ku ga ganuwar Metal Cross da Turawan Ingila suka gina. Amma wanda bai iya ruwa ba, kada ya wuce gwiwa, igiyar ruwan nan ba ta san baƙo ba.