Yadda Za Ka Ƙirga Itatuwan Gonarku Daga Sararin Samaniya

A Tawa, da an taɓo zancen daji a wurin hira sai mutane su rabu biyu. Tsofaffi su ce daji ya ƙare, inda kura ke kuka a da yanzu fako ne. Waɗanda suka yi aikin gyaran ƙasa wajen Keita da Illela su ce a'a, icce ya dawo. Akwai mai raba wannan gardama. Tun 1972 da Amurka ta harba tauraron ɗan'adam na farko a jerin Landsat ake ɗaukar hoton ƙasarmu daga sama, kuma tun 2008 hotunan kyauta ne. A Yamai, cibiyar AGRHYMET da aka kafa a 1974 da irin waɗannan hotuna take bibiyar damina. Kai ma da wayarka za ka iya leƙa naka yankin.

Ka sauke Google Earth, ka nemi garinku. Idan sunan bai fito ba, gwada rubutun Faransanci: Tahoua, Badaguichiri, Bouza. Ƙauyukanmu da dama ba su da suna a taswira, don haka ni kwalta nake bi daga babban gari, in nemi hasumiyar masallacin Juma'a ko filin kasuwa, daga nan in kama hanyar gona. Da ka gane wurin, sa masa alama. Sai ka buɗe sashen tsoffin hotuna, inda za ka riƙa ja da baya shekara bayan shekara. A kwamfuta abin ya fi fitowa sarai.

Ga inda mafi yawan mutane ke ruɗuwa. Su ɗauko hoton watan Satumba, su ga ƙasa shar, su ce an yi nasara. Wannan koren hatsi ne da ciyawa, labarin ruwan wannan shekarar kawai yake ba ka. In ka jera daminar 1984, shekarar fari, da ta 2024 da ruwa ya yi ambaliya, ba abin da ka auna sai ruwan sama. Kai da ke neman icce, hoton rani za ka nema, Maris ko Afrilu, lokacin da an kwashe kara, dabbobi sun cinye harawa, hazon hunturu ya lafa. Kuma wata ɗaya za ka riƙe: Maris da Maris.

Gawo ne ya sa na fi son Maris. Shi akasin sauran itatuwa yake, da damina yake zubar da ganye, da rani ya yi kore. Shi ya sa hatsi ke yin kyau a gindinsa, ba inuwar da za ta danne shi, ga takin ganye da kashin dabbobin da suka sha inuwa da rani. A hoton Maris gona fari fat take, gawo kuma ɗigo ne mai duhu da inuwarsa a gefe, ba ka rasa shi. Ɗauki ma'aunin da ke cikin manhajar, ka zana murabba'i mita 100 kowane gefe, hekta ɗaya ke nan. Ƙirga ɗigon da ke ciki a tsohon hoto, ka ƙirga a sabo. Yi haka a wuri uku ko huɗu, a jigawa, a fadama, a kan dabagi, kada ka zaɓi inda ya fi kyau kaɗai don ranka ya yi sanyi. Kusan irin wannan ƙirgar ce Gray Tappan na USGS, hukumar binciken ƙasa ta Amurka, ya yi, ya kwatanta tsoffin hotunan jirgin sama da sababbi, har aka ƙiyasta cewa sassaben zamani, wato barin tohon itatuwa ya girma a gona maimakon a sare shi, ya maido da itatuwa wajen miliyan 200 a hekta miliyan 5, galibi a jihohin Maraɗi da Damagaram.

Ka san iyakar idon kowane tauraro. A hoton Landsat ɗigo ɗaya mita 30 ne kowane gefe, icce guda ba ya fitowa, amma yana nuna kwari ko tabki baki ɗaya tun shekarun 1980. Sentinel-2 na Turai, da aka fara harbawa a 2015, mita 10 yake gani, yana dawowa kan wuri ɗaya duk kwana biyar; hotunansa na shafin Copernicus Browser. A can in ka ga tsirrai sun fito ja, kada ka ce wayar ta lalace, wani haske ne da ganye ke mayarwa wanda idonmu ba ya gani, aka rina shi. Ƙirgar icce ɗaiɗai sai da hotunan kusa na Google Earth. A cikinsu ramukan tare ruwa da ake kira rabin wata na fitowa jere-jere kamar ɓawon kifi, amma ramin tassa ya yi ƙanƙanta, haka ma sabara da kalgo masu tasowa.

Don idonka ya saba, fara da kwarin Majiya wajen Buza, inda tun 1975 aka dasa layukan dogon yaro don kare iska. Daga nan ka hau tsaunukan Keita, inda aikin da Italiya ta ɗauki nauyi ya soma a 1984. Ka lura da ƙoramu kuma: farin layin yashi ne, auna faɗinsa a hoto biyu ka ga gona nawa ya ci. Masu binciken duniyar Mars ma da irin wannan karatun suka gane busassun hanyoyin ruwa, har suka zaɓi ramin Jezero suka saukar da motar Perseverance a 2021. Su ba su da halin zuwa da ƙafa, kai kuwa kabu-kabu zai kai ka.

To ka je. Kore a burtali ko makiyaya na iya zama garmani, wanda ke mamaye wuri ya hana ciyawar kirki fita, daga sama kuwa ba ka bambanta su. Kai wa dattijon da ya noma wurin hoton, ka ce, “Baba, wannan duhun mene ne?” Shi zai gaya maka aduwa ce ko tsohuwar rijiya, da shekarar da aka sare abin da ba ka gani.

Abu ɗaya nake roƙo: kada hoton nan ya zama makamin rikicin iyaka. Bai nuna wanda ya gada ko wanda ya ara ba, wannan aikin mai gari ne da hukumar kofo mai kula da filaye. Kai dai ɗauki hoton allon wayarka yadda kwanan watan zai fito a ƙasa, ka rubuta sunan wurin da yawan itatuwan a littafi, Maris mai zuwa ka sake ƙirga murabba'in nan.