Yadda Ake Nazarin Adabin Baka da Waƙa ta Fuskar Muhalli

Nazarin adabi ta fuskar muhalli ya samu suna a jami'o'i bayan masanin adabi William Rueckert ya raɗa masa suna ecocriticism a Amurka a 1978. Tambayarsa ita ce: me waƙa ko tatsuniya ta sani game da ƙasa, ruwa, itace da dabba, kuma wace dangantaka take koya wa mai sauraro da su? Adabin baka ya dace da wannan tambaya, domin galibin masu shi manoma ne da makiyaya da mafarauta da masunta, mutanen da idan suka yi kuskuren karanta yanayi yunwa ce sakamakonsu.

Fara da taƙaita fage. Zaɓi rukuni ɗaya, ko waƙoƙin noma, ko kirarin mafarauta, ko tatsuniyoyin dabbobi, ka tara matani goma zuwa goma sha biyar. Ƙasa da haka ba ya nuna abin da ke maimaituwa. Idan waƙar baka ce, nemi aƙalla rerawa biyu ta waƙa ɗaya, saboda makaɗi yana ƙari yana ragi gwargwadon wuri da lokaci. Rubuta wanda ya rera, da shekara, da lokacin shekara: damina ce, kaka, hunturu ko bazara. Ɗango (wato layin waƙa) da ke roƙon ruwa a ƙarshen bazara, ana jiran shuka, ba ma'anarsa ɗaya ba da wanda aka rera a tsakiyar marka.

Daga nan sai ka zana jadawali mai gida huɗu: ɗangon kamar yadda aka faɗe shi, sunan halittar da aka ambata a cikinsa, aikin da take yi a ɗangon, da halinta na zahiri. A gida na uku ake nuna ko kamantawa ce, ko siffantawa, ko mutuntarwa (ba wa abu halin mutum), ko dabbantarwa (ba wa mutum halin dabba), ko kuwa bayani ne kai tsaye. Gida na huɗu shi ne zuciyar aikin, kuma shi ɗalibai suka fi bari babu komai.

Ɗauki karin maganar inuwar giginya, wadda na nesa ka sha sanyinta. Mai nazarin salo zai ce zambo ne ga wanda alherinsa ke tsallake danginsa, ya tsaya nan. Mai nazarin muhalli zai ƙara da cewa giginya doguwa ce, ba ta da rassa, ganyenta yana can ƙoli, don haka inuwarta nesa da gindinta take faɗawa. Maganar ta tsayu ne a kan lura ta gaskiya. Haka gawo: yana zubar da ganye da damina, ya yi kore da rani, shi ya sa ba ya shanye wa hatsi rana, ganyen da ya zubar kuma taki ne. Duk waƙar da ta kira shi mai ƙin ruwan sama tana ɗauke da ilimin da masana aikin gona suka tabbatar. Shamuwa kuwa tana isowa gab da faɗuwar damina, don haka ambatonta a waƙa sau da yawa kalanda ce. Idan halin da ɗango ya bai wa halitta ya dace da na zahiri, ka samu ilimin muhalli. Idan ya saɓa, to a nan ma akwai abin faɗa. Kurar tatsuniya wawuya ce mai haɗama, amma kurar daji mafarauciya ce mai dabara, kuma tana share mushe. Sai ka tambaya: me ya sa al'umma ta zaɓi ta muzanta ta? Tsoron makiyayi ga dabbobinsa yana cikin amsar.

Kada ka amince da ƙamus shi kaɗai wajen tantance suna. Itace ɗaya yana iya samun suna biyu a karin harshe daban-daban, suna ɗaya kuma ya hau kan tsirrai biyu. Kai sunan wurin tsohon manomi ko mai maganin gargajiya ya nuna maka abin da ido, sannan ka gwada da littafin tsirrai.

Bayan jadawali ya cika, karanta shi daga sama zuwa ƙasa kana neman dangantaka. Daji abokin gaba ne da ake yabon wanda ya sare shi, ko rumbu ne da ake tsoron ƙarewarsa? Wa ke magana? Waƙar mace mai neman itacen girki tana auna nisan daji da ƙafa, kirarin mafarauci yana auna shi da haɗari. Duba kuma abin da ya rage a baki alhali ya ɓace a ƙasa. Giwa da zaki sun cika kirarin sarakuna, amma a yau sai a gandun daji irin Yankari ake maganarsu a zahiri. Wannan giɓi hujja ce ta sauyin muhalli, muddin ka kafa ta da tarihi.

A nan ne babban kuskure yake afkuwa: ɗora damuwar yau a kan tsohuwar waƙa. Ba kowane ambaton fari ne ke nufin sauyin yanayi ba. Nemi lokacin da waƙar ta fito, ka gwada da abin da aka sani, kamar yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914, ko farin Sahel na farkon shekarun 1970, ko na 1984. Idan lokacin bai tabbata ba, tsaya kan abin da ɗangon ya faɗa.

Kuskure na biyu shi ne mayar da magabata masu kare muhalli gaba ɗayansu. Akwai waƙoƙin da ke jinjina wa mai ƙona daji da wanda ya fi kowa kisan namun dawa. Rubuta su yadda suke. Su ma ra'ayi ne game da muhalli, kuma ɓoye su yana raunana binciken.

Wajen rubuta sakamako, kowace da'awa ta zo da ɗangonta cikakke, da bayanin halin halittar, sannan fassararka. Idan waƙar tana da kiɗa, saurari sautin ma: ganga tana iya kwaikwayon saran fartanya, amshi kuma ya bi numfashin masu aiki, abin da rubutu a takarda ba ya kamawa.