Kafin Ka Ƙara Wa Injin Jirgi Ƙarfi, Duba Ƙafarsa

Salam 'yan uwa masu jiragen ruwa, musamman masu dakon kaya tsakanin Yawuri da Kainji. Mutum zai kai inji wajen makanike a yi masa bori, wato a faɗaɗa ramin silindarsa, a sa babbar kafireta, a ɗaura farfela mai cin ruwa sosai, ba a jima ba ƙafar injin, wato ɓangaren ƙasa mai shiga ruwa inda giya da farfela suke, ta fara gurnani. Haƙoran giyar da ke ƙasa an yi su ne daidai ƙarfin da injin ya zo da shi daga kamfani, abin da aka ƙara duk a kansu yake sauka.

Don duba ƙafar, kwance kusar da ke ƙasanta ka tsiyaye man giya. In ya yi fari kamar madara, ruwa ya shiga, sil, wato robar da ke tare ruwa, ya mutu. In ka ga ɓarɓashin ƙarfe, haƙora sun fara cinyewa, don Allah kada ka sake ɗaukar fasinja da shi.

Wajen gyara, a canza ƙaramar giya da giyar gaba tare, a daidaita tazararsu da shim, wato siririn wasan ƙarfe da ake sakawa don cike tazara. Sabuwa kan tsohuwa asarar kuɗi ce. Ƙafa ta hannu kuwa, kada ka biya sai ka ga man giyarta da idonka, ka juya shaf, wato sandar da farfela ke kai, ka ga ko ya lanƙwashe. A ganina, in kayanka sun fi ƙarfin Yamaha 40, sayen Yamaha 75 gaba ɗaya ya fi sauƙi.

Zaɓi farfelar da za ta bar injin Yamaha 40 samfurin E40 ya juya sau 4,500 zuwa 5,500 a minti in an murɗe maƙura, kuma man giya SAE 90 za ka zuba.