Gurza ramukan top silinda da hannu: inda aka fi yin ɓarna

Duk wanda ya fara ɗora giranda a kan top silinda, wato murfin saman inji mai ramukan shigar iska da fitar hayaƙi, abin da ke fara zuwa masa a rai shi ne ya faɗaɗa rami, wai don iska ta shiga da yawa. Nan ake kashe inji. Iskar da ke shiga silinda ta fi buƙatar gudu a kan fili. In rami ya yi faɗi fiye da kima, gudunta ya ragu, sai ka ga mota tana jan ƙafa in za ta tashi, ba ta farkawa sai an taka totur sosai. Ƙarfen da ka cire kuwa ba ya dawowa, sai dai walda ko ka nemi wani top ɗin.

Ribar aikin tana ƙarƙashin sit ɗin bawul, wato zoben da bawul ke zama a kai in ya rufe, a ɗan kwanon nan inda kamfani ke barin gaɓa da kaushin zubi. Can za ka zauna ka daɗe. Ka sassauta gaɓar har ta haɗu da bangon rami ba tare da tudu ba. Amma ka riƙa aunawa: maƙogwaron da ke ƙasan sit kada ya wuce kashi 85 zuwa 90 cikin 100 na faɗin kan bawul. In ya wuce, iska ta rasa abin da za ta bi ta zagaye bawul ɗin.

Sai lanƙwasar ƙasan rami, inda iska ke karyo kwana ta sauka. Masu gaggawa sukan gurje ta ta kwanta. Kuskure ne babba. Iska za ta saki bango ta yi ta hargitsewa. Kaifin kawai za ka kashe, tsayin ka bar shi yadda ka same shi.

Akwai kuma masu goge ramin shigar iska har ya yi ƙyalli kamar madubi, don mai mota ya gani ya yaba. A injin kafireta, fetur yakan kwanta a bangon da ya yi santsi ya zama ɗigo. Sanfefa mai lamba 60 ko 80 ta isa. Ramin fitar hayaƙi ne ke son santsi, don kada baƙi ya manne.

Bayan bangon ramin akwai hanyar ruwan sanyaya inji, kuma ba ka ganinta, sai ka kula kada ka huda ta. Kafin ka taɓa top ɗin mutum, ka samo mataccen irinsa a Panteka ko Ƙofar Ruwa, ka yanka shi ka ga kaurin bangon. A kansa ma ya kamata hannunka ya koya.

In giranda ta kufce ta taɓa sit, kwamfureshan ya tafi, sai an sake yankan sit. Ka rufe shi da tef, in kana aiki a ɗakin wuta (inda fetur ke ƙonewa) kuma ka zura tsofaffin bawul su kare sit ɗin. Alminiyam yana toshe haƙoran giranda, sai ka riƙa shafa kakin zuma ko kananzir. Tabarau dole ne, ɓarɓashin kamar allura yake.

A inji mai silinda huɗu, ramuka huɗu kada su fito kala huɗu. Ka yi mataki ɗaya a dukkansu kafin ka wuce na gaba. In ka gama, ka wanke da ruwan zafi da sabulu da burushi, ka busa da iska, domin yashin sanfefa in ya shiga silinda zai cinye ringi.