Kurakuran da aka fi yi wajen gyaran injin gilashin ƙofar mota

A makon nan kaɗai motoci uku aka kawo mini gilashin ƙofa ya maƙale, kuma dukansu an riga an canza musu inji a wani wuri, bai yi wata biyu ba ya sake mutuwa. Na gaji da nanata wa yaran gareji magana ɗaya, shi ya sa na zauna na rubuta.

Babban kuskure shi ne saurin ɗora wa inji laifi. Da gilashi ya fara nauyi wajen tashi sai yaro ya ce, "Oga, moto ne," wato ɗan injin lantarkin da ke jan gilashin, a tura kasuwar kayan gyaran mota ta Ƙofar Ruwa a Kano a sayo na Beljiyam. Alhali sau da yawa robar da gilashin ke zamewa a cikinta ce ta lalace. Ƙurar hunturu ta shiga ta daskare, rana ta gasa robar ta yi tauri, gilashi ya riƙa gurzawa. Moto yana ja da ƙarfi, wayar ƙarfe tana ɗamewa, har ta tsinke ko ta cukurkuɗe a kan gangarta, ko 'yan robobin da ke riƙe da gilashin su karye. Motar Golf 4 ta yi suna a wannan karyewar, sai dai ka ji ɓaram, gilashi ya faɗa cikin ƙofa. Ka sa sabon inji ba ka duba hanyar ba, abin da ya kashe na farko yana nan yana jiran na biyu.

Ni kafin na taɓa inji, raba shi nake yi da gilashin, in tura gilashin sama da ƙasa da hannu. In ya cije, na wanke robar da ruwan sabulu da tsohon burushin haƙori, ta bushe, na fesa silikon. Kuma don Allah ku daina ɗura baƙin mai ko shafa giris a robar nan! Mai yana kumbura ta, ƙura ta manne, bayan sati biyu ya fi da muni. Giris na layin ƙarfe ne, shi ma farin, ɗan kaɗan.

Kuskure na biyu shi ne wanda ya taɓa cinye mini kuɗin aikin sati guda, har yau in na tuna raina yana ɓaci. Ina sabon buɗe gareji aka kawo mini wata Honda Accord. Na sa inji, na ɗaure notocin gilashi tamau da sifana mai lamba 10 tun yana ƙasa, ina sauri mai mota yana tsaye a kaina. Na danna makunni, gilashin ya tashi a karkace, gefe ɗaya ya cije. Maimakon in tsaya sai na ƙara dannawa. Tas! Gilashin ƙofa ba tsagewa yake yi irin na gaba ba, tarwatsewa yake yi kamar tsakuwa. Na biya gilashi daga aljihuna, na yini ina tsince ɓaraguzai a cikin ƙofa, mutumin kuma bai ƙara dawowa ba. Tun ranar nake ɗaura notocin sako-sako, in ɗaga gilashi har ya zauna daram a robar sama, sannan in matse, matsewar hannu ba ta ƙarfi ba. Yaron da na kama yana danne makunni gilashi na cijewa, a ranar zai ajiye sifana.

Akwai kuma inji mai kama da almakashi, irin na tsofaffin motoci. Yana da sifirin nannaɗaɗɗe mai ƙarfin gaske. Ka kwance moto ba ka kafe ƙarfen mai haƙora da moton ke juyawa da noti ko filaya ba, hannuwan ƙarfen za su haɗe a kan yatsunka. Wannan ba wasa ba ne. In kuma hannunka yana cikin ƙofa, zare soket ɗin moto tukuna.

Sauran ƙanana ne, amma kullum sai an yi su. Kafin sayen moto a ba shi wuta kai tsaye daga batir, a duba fiyus da makunni, da wayoyin da ke cikin robar tsakanin ƙofa da jikin mota, don nan suka fi karyewa saboda buɗewa da rufewa. A tafi kasuwa da tsohon inji a hannu, na dama ba na hagu ba ne, soket ma ya bambanta. Kada a ɓanɓare murfin ƙofa da sukundireba ba a gama neman ɓoyayyun kusoshi ba. A liƙe gilashi a sama da salatif kafin cire inji. Ledar da ke bayan murfi ba ado ba ce, ita ke hana ruwan damina jiƙa makunni da lasifika, a mayar da ita, a kuma buɗe ramukan ƙasan ƙofa da ruwa ke fita.

In an gama gilashin ya daina tashi da kansa a danna ɗaya, kada a sake kwance ƙofa. A yawancin motoci sauke shi za ka yi har ƙasa, ka ɗaga shi har sama, ka ci gaba da riƙe makunnin na 'yan daƙiƙu, sai ya dawo daidai.