Yadda za ka kawo wa ɗalibai Lahadin rediyon Ingila ta 1940 cikin aji

Darasin Yaƙin Duniya na Biyu bai taɓa zama a kan ɗalibaina ba sai da na mai da aji falon wani gida a Landan.

Fara da rufe tagogi da baƙin ƙyalle, don a lokacin ko ɗigon haske ba a bari ya fita da dare, saboda jiragen Jamus. Ɓoye wayarka cikin kwali mai siffar akwatin rediyo. Tunda shirin ranar Lahadi ne, ka soma da waƙoƙin coci, sai kiɗan gargajiyar Turai, amma kada ya wuce minti uku. Na taɓa barinsa minti goma, rabin ajin suka hau gyangyaɗi. Yana cikin tashi ka gaya musu makaɗan BBC sun gudu daga Landan zuwa garin Biristol saboda yaƙin, a 1941 kuma suka koma garin Bedfod.

Labaran ƙarfe tara na dare su ne ƙashin bayan darasin. Ka sa bugun Big Ben, babban agogon nan na Landan, kowa ya yi tsit. Sannan ɗalibi ɗaya ya faɗi sunansa kafin ya karanta, kamar yadda masu labaran BBC suka fara yi a 1940, don kada abokan gaba su yi sojan gona da muryarsu.