Kafin Ka Danƙa wa Dillali Cinikin Gidanka

A Kano da wuya gida ya canza hannu babu dillali a tsakani. Mai sayarwa yana jin nauyin a gan shi yana tallan gidansa, kada a ce karayar arziki ce ta same shi. Mai saye kuma ba ya son unguwa ta san ya tara kuɗi. Dillali ne ke rufa wa kowannensu asiri, kuma sana'a ce ta halak wadda na san masu yin ta da tsoron Allah. Matsalarta ɗaya, ba ta da mai gadin ƙofa. Duk wanda ya mallaki waya da babur yana iya wayar gari ya ce shi dillali ne. Ni magini ne, mutane kan kira ni in duba musu gini kafin su biya, don haka na zauna a tabarmar ciniki da dillalai iri-iri, na kuma ga abin da ke biyo baya idan aka tashi.

Fara da neman dillalin unguwar da kake son saye ko sayarwa a cikinta. Wanda ya yi shekaru yana harka a Rijiyar Zaki ba lallai ya san Hotoro ba, na Dorayi kuma baƙo ne a Naibawa. Ɗan unguwa ne ya san layin da ruwa ke kwanciya a watan Agusta, da filin da a da kududdufi ne aka cike shi da bola, da gidan da magada ke shari'a a kansa. Abin da ya fi wannan muhimmanci, yana da abin da zai rasa. A masallacin unguwar yake salla, 'ya'yansa suna Islamiyyar unguwar. Idan ya cuce ka, gobe da asuba sai ya haɗa ido da mutanen da suka sani.

Hanyar samunsa ba ta da wahala. Je ka gaida mai unguwa, ka ce, "Ranka ya daɗe, gida nake nema a nan, wa kuka yarda da shi?" Ka tambayi liman, ka tambayi masu sayar da bulo da siminti, don su ne suka san wanda ya sayi fili ya yi gini lafiya da wanda aka tsayar masa da aiki. Kada ka tsaya a kan "kun san shi?", kowa ya san kowa. Tambayar da ke da amfani ita ce: wa ya taɓa saye ta hannunsa, kuma yana cikin gidan har yau? Ka taka ka je wajen mutum biyu daga cikinsu, ka ji ko wani ya taɓa zuwa musu da wata takarda bayan sun tare. Dillalan Facebook da TikTok ba duka ne 'yan damfara ba, amma hoton gida ba shaida ba ne. Kafin komai ka ga ofishinsa ko rumfar da yake zama, ka ga mutanen da suka san gidansu.

Ran da kuka fara zama, yi masa tambaya biyu. Ta farko: "Malam, kai mai gidan ya ba wa, ko wani ne ya ba ka?" Ta biyu: "Yaushe za ka haɗa ni da shi?" A wajena duk zaɓen dillali a kan waɗannan biyun ya rataya. Da yawa daga gidajen da ake yawo da su a waya sun bi hannun 'yan kayi-na-yi huɗu ko biyar, kowa ya ɗora nasa. Gidan da mai shi ya ce, alal misali, miliyan 18, sai ya iso kunnenka a miliyan 22, kuma wanda ke gabanka bai ma taɓa ganin mai gidan ba. Idan rigima ta tashi kowa zai nuna na bayansa. Wanda ya ce mai gida ya yi tafiya, ko ba ya son a san shi, ko "ni ne wakilinsa, ka biya ta hannuna kawai", to cinikin biri a sama yake so ka yi. Ka yi masa sallama cikin mutunci ka tafi.

Sai dai a yi wa dillalai adalci. Dalilin da ya sa wasu nagari ma ke ɓoye mai gida shi ne tsoron a zagaye su. An sha yi musu haka: mutum ya ƙone mansa, ya bar aikinsa yana nuna maka gidaje, sannan ka koma da daddare ka sasanta da mai gida a bayan idonsa. Wannan cin amana ne, kuma haƙƙi ne da ba ya faɗuwa. Maganin abin shi ne ka cire masa tsoron tun farko. Ku yi maganar la'ada kafin ku je ganin gida ko ɗaya, ku rubuta a takarda, ku sa hannu gaban shaida. Abin da aka saba a nan kashi biyar cikin ɗari ne daga mai saye, biyar daga mai sayarwa, wato a gidan miliyan 20 miliyan ɗaya ce za ta fita daga aljihunka bayan kuɗin gida. A babban ciniki ana ragewa idan an yi magana da wuri. A rubuta cewa la'adar guda ce ko da dillalai nawa ne a ciki, su raba a tsakaninsu. Da zarar ya ga haƙƙinsa a rubuce, ba shi da sauran hujjar hana ka ganin mai gida.

Idan kai ne mai sayarwa, akwai wata magana mai daɗin ji da za a kawo maka: "Alhaji, faɗi abin da kake so ya shigo hannunka, abin da ya hau nawa ne." Kada ka yarda. Daga ranar gidanka ya zama hajarsa. Zai riƙe shi a farashin da ya fi ƙarfin kasuwa yana jiran wanda zai faɗa, kai kuma kana zaune da buƙatar da ta sa ka sayarwa, masu sayen gaskiya suna ta wucewa ba ka ma ji labarinsu ba. Ka yanke farashi, ka yanke la'ada, ka ce duk tayin da aka yi, ko kaɗan ne, a kawo maka shi yadda yake.

Kada kuma ka zaɓi wanda ya fi kowa kambama kuɗin gidan. Ka ce ya faɗa maka gidajen da aka sayar a layinku ko na kusa a 'yan watannin nan, da nawa aka sallama, ba nawa aka sa musu ba. Mai amsa da sunan layi da girman fuloti, hamsin da hamsin ne ko hamsin da ɗari, shi ya san kasuwa. Ka ba mutum ɗaya ko biyu, da wa'adi kamar na wata uku. Gidan da aka watsa wa dillalai goma yakan fita da farashi goma, masu saye su fara zargin akwai abin da ake gudu. Kwafin takarda za ka ba shi, ta asali ba ta barin akwatinka sai ranar biya. Wanda kuma ya ce zai kawo mutanensa su riƙa taya gidan da tsada don a zuga mai saye, ka rabu da shi. Najashi ke nan, Annabi (SAW) ya hana, kuma wanda ya iya yi wa wani dominka zai iya yi maka domin wani.

Akwai wani dattijon dillali da nake ganin girmansa saboda abu ɗaya da ya yi a gabana. Wata baiwar Allah, mijinta ya rasu, ta sami rabonta na gado tana neman inda za ta zauna da 'ya'yanta. Gidan ya kwanta mata a rai, an yi masa sabon fenti, an sa tayil a tsakar gida. Ni na lura fentin ƙasan bango ya fi na sama kauri, na ƙwanƙwasa filastar na ji ta saki. Kafin in buɗe baki sai dattijon ya ce, "Hajiya, wannan ba naki ba ne. Da damina ruwa har gwiwa yake shiga, na faɗa wa mai shi ba zan ɓoye ba." La'adarsa ya bari a ranar. Shi ya sa nake ba da shawarar ka tambayi kowane dillali aibin gidan da ya kai ka. Babu gidan da ba shi da aibi, wanda ya ce maka "babu komai, sai dai ka tare" bai duba ba, ko kuwa ya duba ya yi shiru.

Yanzu takardu, inda aka fi zubar da hawaye. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta sa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Takardar shaidar mallaka, wadda muke kira C of O, izinin zama ce na wa'adi, galibi shekara 99 a gidan zama, kuma mayar da ita sunan wani yana buƙatar amincewar gwamna. Filin awon igiya, wanda aka yanka daga gona da takardar mai unguwa da dagaci, yana da nasa matsayi, dubban mutane suna zaune a irinsa, amma ba daidai yake da mai C of O ba, farashinsu ma bai kamata ya zo ɗaya ba. Dillalin kirki zai faɗa maka wace iri ce tun kafin ka tambaya. Ka gwada shi da wannan: "Zan kai lambar takardar KANGIS, ofishin bayanan filaye na jiha, a bincika, zan kuma duba a KNUPDA, hukumar tsara birni, ko wurin bai hau hanya ba." Nagari zai ce bismilla, har ya raka ka. Wanda ya fara cewa akwai wani Alhaji da zai biya gobe in ba ka yi sauri ba, bar wa Alhajin. A Abuja AGIS ke yin irin aikin KANGIS, a Kaduna KADGIS. Rusau ɗin da aka yi a Kano a 2023, irin na shagunan filin Idi da ginin tsohon otal ɗin Daula, ya nuna cewa tarihin fili ma abin tambaya ne ko da akwai takarda: me ke wurin a da, makaranta, maƙabarta, ko jikin badala?

Gidan gado yana buƙatar ƙarin haƙuri. Babban wa yakan kira dillali ya sa gida a kasuwa alhali ƙannensa mata suna gidajen aurensu ba su sani ba, ko akwai marayu ƙanana a ciki. Ka nemi takardar rabon gado ta kotu, ka nemi ganin magadan ko wakilcinsu a rubuce. Idan kason mutum ɗaya ne ake sayar maka a gidan da ba a raba ba, ka tuna sauran abokan tarayya suna da haƙƙin shuf'a, suna iya mayar maka da kuɗinka su karɓe. Dillalin da ya ce "su duka sun yarda, ni na ji da kunnena" bai ba ka komai ba. Lauya kuma ka ɗauki naka, ba wanda dillali ya kawo ba.

Idan dukiyar babba ce, kamar gida a Nassarawa GRA ko bene mai shaguna, ka nemi ƙwararren mai ƙiyasta kadara wanda ke da rajista da hukumar ESVARBON, wadda aka kafa a 1975. Yana da hatimi da lamba, akwai kuma inda za a kai ƙararsa. In kamfani ne, ana iya duba rajistarsa ta CAC, hukumar rajistar kamfanoni, a intanet daga waya.

Ranar biya, kuɗin gida ba ya bi ta hannun dillali, komai yardar da ke tsakaninku. Ka tura ta banki zuwa asusun da sunansa ya dace da na jikin takarda, gaban shaidu, da maƙwabta da mai unguwa in da hali, bayan an ja tef an auna filin a gabanka. Kafin alƙalami ma haka, a rubuta sharaɗin mayar da shi idan bincike ya nuna matsala. 'Yan uwanmu da ke aikowa daga Saudiyya ko Ingila, musamman mata, ku raba aikin gida biyu: dillali ya nemo, wani naku daban wanda ba ya cin la'ada ya duba takarda ya tabbatar sunanku ne a kai.

Tun a takardar farko ku amince cewa rabin la'ada za a biya ranar ciniki, rabi ranar karɓar makulli. Tsakanin ranakun nan biyu akwai aiki: 'yan haya da za a ba sanarwa su tashi, bashin wutar KEDCO da ke kan mita, ƙofofi da famfo da tankin ruwa da wani lokaci ake cirewa bayan an sallama. Dillalin da ya karɓe kuɗinsa duka ba ya ɗaga waya a kan irin waɗannan. Wanda ke da saura zai zo da kansa ya tsaya har a kwashe kaya, ku zagaya ɗaki-ɗaki tare. Idan ka ga komai yadda aka yi alkawari, ka cika masa a wurin, kada ka ce ya dawo gobe.